CIWON HANTA: MU YI LISSAFI TUN GARKE BAI WATSE BA

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar wa makiyaya da 'yan kasuwar shanu a wajen taron mambobi a Nima, cikin birnin Accra.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakunan Zango, malamanmu, ardo-ardo da suka taso daga ruga, shugabannin mahauta da dillalai, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa na Nima da Maamobi da Ashaiman, muna yi muku barka da zuwa. Muna godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana cikin rai da lafiya.

Kun saba idan mun taru a nan, maganarmu ba ta wuce ta burtali da mashaya, da rikicin gona, da kuɗin da ake karɓa a hanya daga Paga zuwa Tulaku. Yau kuwa shugabanni sun umurce mu da mu kawo wata magana dabam, watau maganar ciwon hanta da likitoci ke kira mai lamba B. Mu ba likitoci ba ne, karatunmu na boko ma bai wuce firamare ba. Amma mun zauna da masana, mun yi tambaya, sun ba mu amsa, kuma mun mai da amsar zuwa harshen da muka fi ganewa, watau harshen ciniki: nawa za a kashe, me za a samu, kuma ina asara take.

ABIN DA YA TAYAR DA MAGANAR

Akwai wani ɗan'uwanmu dillali a karar Tulaku, ba za mu kama sunansa ba saboda iyalinsa, amma da yawanku kun yi masa salla. Mutum ne ƙaƙƙarfa, bai cika shekara arba'in da biyar ba, wanda shi kaɗai yakan riƙe bajimi a ɗaure shi. Shekaru da suka wuce ya je ba da jini domin wata ƙanwarsa da ta haihu, aka gwada, aka ce ba za a ɗauki jininsa ba, yana da ciwon hanta, ya je ya ga likita. Da ya dawo sai ya ce mana, "Malam Sakatare, dubi jikina. Wannan ne jikin marar lafiya?" Muka yi dariya tare da shi, domin a lokacin mu ma ba mu san komai ba.

Bayan wasu shekaru sai ya fara rama, idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka dinga jiƙa masa saiwoyi. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka kumbura. Aka sayar da sa na farko aka kai shi wajen mai magani. Aka sayar da na biyu aka sayi kwalabe na wani magani da ake talla a rediyo. Kafin a kai shi babban asibiti, hantar ta riga ta zama sankara. Aka sayar da karsana biyu da saniyar da yara ke shan nononta, domin gado da ƙarin jini da zuƙe ruwan ciki. Wata uku bai cika ba Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya shida da turke babu komai.

Ajali idan ya zo babu makawa, wannan mun yi imani da shi. Amma Allah Ya ba mu hankali, kuma Ya umurce mu da neman magani. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne da muka gane cewa kuɗin sa guda ɗaya tak, da an kashe shi tun ranar da aka ƙi karɓar jininsa, ya isa ya biya masa gwaji da magani na tsawon lokaci.

MENE NE WANNAN CIWO?

Babu wanda ya kai makiyayi da mahauci sanin hanta. Sau nawa aka kai sa kwata yana sheƙi, fatarsa na ƙyalli, amma da aka feɗe sai a tarar da hantar ta lalace da tsutsa, likitan dabbobi ya ce a zubar? To haka wannan ciwo yake ga ɗan Adam. Mutum yakan yi shekara ashirin ko talatin da shi, yana cin abincinsa, yana bin shanunsa, babu zazzaɓi babu ciwon kai, alhali kuwa a ciki hantar tana ƙanƙancewa tana taurarewa. Bambancin kawai, na shanu tsutsa ce da suke kwasowa a fadama, na mutum kuwa wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, wadda ke zaune a cikin jini.

A nan muna so mu kashe wata jita-jita. Ba a ɗaukar wannan ciwo daga shanu. Ba a ɗaukarsa daga nono ko kindirmo ko nama. Duk wanda ya ce Filani ne ke kawo shi gari da dabbobinsu, bai san abin da yake faɗa ba. Haka kuma ba a ɗaukarsa ta musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko tsayuwa a sahu ɗaya, ko cizon sauro. Hanyarsa jini ce da ruwan jiki. Babbar ƙofarsa a ƙasashenmu ita ce daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, da kuma tsakanin yara ƙanana a cikin gida. Sai aska ɗaya da ake yi wa mutum goma aski ko kaciya ko tsaga ko ƙaho da ita, sai allurar da aka soka wa wani aka sake soka wa wani, sai kuma saduwa tsakanin namiji da mace. Ƙwayar tana iya yin kwana bakwai a jikin aska ba ta mutu ba.

Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma ciwon yakan zauna musu har girma. Babban mutum kuwa idan ya kamu, mafi yawa jikinsu yakan kore shi, waɗanda yake zauna wa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Saboda haka yawancin masu ɗauke da shi a cikinmu tun suna goye suka samu. Ba alamar lalata ba ce, kuma ba abin kunya ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma a wannan shekara kaɗai ya kashe mutum kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari. Daga cikin masu ɗauke da shi, 13 cikin ɗari ne kawai suka san suna da shi. A nan Gana kuwa, binciken da masana suka tattara ya nuna tsakanin mutum 8 zuwa 12 cikin kowane ɗari. Watau a wannan rumfa da muke zaune, idan aka ƙirga goma-goma, ba mamaki kowace goma da mutum ɗaya a ciki, kuma shi kansa bai sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

LISSAFIN 'YAN KASUWA

Yanzu bari mu zo kan kuɗi. Wanda aka gwada aka same shi da ciwon, hanya uku ce a gabansa.

Hanya ta farko, ya yi banza da maganar kamar ɗan'uwanmu. Yau ba ta cin ko sisi. Amma masana sun ce waɗanda suka kamu tun suna yara, kusan ɗaya cikin huɗu hantarsu takan lalace ko ta yi sankara har ta kai su kabari idan ba a kula ba. Sankarar hanta tana cikin sankarorin da suka fi kashe maza a Gana, kuma ba tsofaffi take bi ba, magidanta take ɗauka. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya haɗa asibitocin ƙasashen Afirka har da Gana da Nijeriya, ya nuna cewa a ƙasashenmu na kudu da Sahara rabin masu wannan sankara ba su cika wata uku ba bayan an gano ta, domin a makare suke zuwa. Wannan hanya ita ce mai araha a farko, mai cinye garke a ƙarshe.

Hanya ta biyu, ya bi masu cewa suna da kwalbar da ke wanke hanta cikin wata ɗaya ko uku. Muna girmama masu maganin gargajiya, da su muka tashi, kuma akwai abubuwan da suka iya. Amma gaskiya ɗaya ce: har yau ba a sami maganin da ke fitar da wannan ƙwaya daga jiki kwata-kwata ba, ba a Ingila ba, ba a Sin ba, balle a tashar mota. Kuma duk abin da mutum ya sha, hanta ce ke tace shi. Dabbar da ta gaji ba a ƙara mata kaya. Wannan hanya kuɗi take ci sau biyu, a wajen mai kwalba, sa'an nan a asibiti.

Hanya ta uku, ya je wajen likita a auna yadda hantar take. Akwai gwajin jini da ke nuna ko hantar tana ciwo, akwai gwajin da ke ƙirga yawan ƙwayar cutar, akwai kuma hoton ciki. A nan ne labari mai daɗi yake: ba kowa ne ke bukatar shan magani ba. Wani likita zai ce masa ya je ya riƙa dawowa ana dubawa bayan wata shida ko shekara. Wanda kuwa aka ga ƙwayar ta yi yawa ko hantar ta fara taɓuwa, sai a ɗora shi a kan magani. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara maganin, ta yadda wanda aka taɓa yin sankarar hanta a danginsa ma ya shiga cikin waɗanda ake ba. Don haka wanda aka taɓa ce masa ba ya bukata, ya koma a sake duba shi.

Maganin da aka fi bayarwa sunansa Tenofovir, akwai kuma wani Entecavir. Ƙwaya ɗaya ce tak a rana. Ba ta kashe cutar, amma tana ɗaure ta kamar yadda ake dabaibaye sa mai faɗa. Muddin dabaibayin yana nan, hanta takan sami hutu, wani lokaci har ta farfaɗo, kuma haɗarin sankara yakan ragu ƙwarai. Mafi yawan mutane sha ne na tsawon rai.

To nawa ne? A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024, farashin Tenofovir idan an sayo da yawa daga masana'anta bai wuce dalar Amurka 2 da santi 40 a wata ba. A shekara bai kai dala 30 ba. Ku da kuka san kasuwa, ku faɗa mana, wane rago ake saya a wannan kuɗi a Nima ana jibi Salla? Amma rahoton ya ce cikin ƙasashe 26 da suka ba da bayani, 7 ne kaɗai ke samun maganin a wannan farashi ko ƙasa da shi. Shi ya sa wanda ya shiga kemis shi kaɗai zai biya fiye da haka nesa, kuma gwajin ƙirga ƙwayar cuta ya fi maganin wata tsada. Mun san wannan ciniki. Wanda ya sayi sa a Bawku da wanda ya saye shi a hannu na huɗu a Tulaku ba kuɗi ɗaya suka biya ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan lissafi ba. A ƙasar Gambiya masana sun bi unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye suka gwada dubban mutane, suka ɗora waɗanda suka cancanta a kan Tenofovir, sa'an nan suka auna kuɗin da aka kashe da shekarun lafiya da aka ceto. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna cewa bin mutane har gida a gwada su a ba su magani ciniki ne mai riba ga ƙasa, ko da talaka ce. Idan Gambiya ta ga riba, ba mu ga dalilin da Gana ba za ta gani ba.

INDA KUƊI KE ZUBEWA

Akwai kurakurai da ke mai da riba asara. Na farko shi ne fara magani a bari. Mutum ya sha wata uku, ya ji garau, ko kuɗi ya yanke, ko tafiyar kiwo ta kai shi Afram Plains, sai ya ajiye. Likitoci sun gargaɗe mu cewa idan aka kwance dabaibayin farat ɗaya, ƙwayar tana iya tasowa da ƙarfin da ya fi na da, har ta kashe hanta. Saboda haka duk wanda zai yi nisa, ko direban tirela, ko mai zuwa sari Burkina ko Nijar, ya tanadi na wata biyu ko uku kafin ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da azumi kuma ba a dainawa, sai a mai da sha zuwa sahur ko bayan buɗa-baki, wanda hantarsa ta riga ta taɓu kuwa ya nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumin.

Na biyu, kada kowa ya sayi maganin da kansa don ya ji sunansa a nan. Dole a fara gwada mutum ko yana da ƙanjamau, domin maganin yana taɓa cututtukan biyu, kuma dole a riƙa duba ƙodarsa. Na uku, gyaɗa da masara da suka yi funfuna suna da wani dafi da ke haɗuwa da wannan ciwo su gaggauta sankara. Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da koko, a tsince ruɓaɓɓu a zubar. Giya kuwa addini ya riga ya hana, ga mai ciwon hanta guba ce a kan guba.

RAI DA ZAMAN DUNIYA

'Yan'uwa, ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Mun ga yaron da aka ware wa kwano da moɗa a gidan ubansa. Mun ga yarinyar da aka fasa aurenta bayan an kai kaya, don takardar gwaji. Mun ga matar da mijinta ya zarge ta, alhali daga mahaifiyarta ta samu tun ranar da aka yanke mata cibi. Waɗannan mutane jikinsu lafiya lau, amma zuciyarsu ta karye, ba sa barci, kullum suna jiran mutuwa. Wannan ciwo na biyu mu ne muke sa musu shi, ba ƙwayar cuta ba. Kuma shi ne yake sa mutane gudun gwaji, domin kowa na tsoron a nuna shi da yatsa.

Gaskiyar magana, mai wannan ciwo da ke ganin likita yana iya kiwo, yana iya fatauci, yana iya aure, yana iya haihuwar 'ya'ya masu lafiya, ya tsufa ya ga jikoki. Idan ɗaya daga cikin masu shirin aure yana da shi, sai a gwada ɗayan, in ba shi da shi a yi masa allurar rigakafi guda uku cikin wata shida. Muna roƙon malamanmu masu ɗaura aure da su faɗi haka a kan mumbari. Gwajin aure an yi shi ne don kariya, ba don raba zumunci ba.

ALLURAR RANAR HAIHUWA

Dattawanmu suna ba da labarin bushiya, wadda takan share garke cikin 'yan kwanaki. Yau ina take? A shekarar 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma allura ce ta yi wannan aiki. To mu da muka yarda a yi wa maraƙi allura, yaya za mu hana ɗan da muka haifa?

Tun 2002 Gana ta sa rigakafin ciwon hanta cikin allurar yara da ake yi a sati 6 da 10 da 14. Amma jaririn da uwarsa ke da ciwon ba zai iya jiran sati shida ba, balle a ce sai an yi suna ko an gama wankan jego. Tilas a yi masa allurar cikin awa 24 da haihuwa. Nijeriya ta sa wannan allura ta ranar haihuwa cikin tsarinta tun 2004. Saboda haka kowace mai ciki ta je awo a gwada ta. Idan tana da shi, a shirya allurar tun kafin naƙuda, ta haihu a asibiti, kuma idan ƙwayar ta yi yawa akwai maganin da ake ba ta tun da cikin don a kare ɗan. Bayan an yi allurar tana iya shayar da ɗanta nono ba fargaba. A duk lissafin da muka yi, babu inda kuɗi kaɗan ke sayen rai mai tsawo kamar nan.

KIRANMU

Ga hukuma, muna cewa: makiyayi da ɗan kasuwar shanu suna biyan haraji a kan iyaka da kara da kwata, don haka suna da hakki. An kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, kuma tana taimako, amma gwajin ƙirga ƙwayar cuta da maganin wata-wata daga aljihu mambobinmu suke biya. Muna kira a shigar da su cikin inshora. Mai ƙanjamau yana karɓar magani kyauta wanda Tenofovir ke ciki, muna murna da haka, muna roƙon a duba mai ciwon hanta da ido ɗaya. Muna kira gwamnati ta riƙa sayo maganin da yawa don farashi ya sauko, kuma allurar ranar haihuwa ta kai ga kowane jariri kyauta, har wanda aka haifa a ruga. A kuma sauƙaƙa wa mutanenmu na daji hanyar samun katin inshora.

Ga junanmu kuwa, ga shawarwarin da shugabanni suka ce a kawo muku. Ɗaya, kowane mamba ya je a gwada shi da iyalinsa, ga asibitin Maamobi kusa, ga Ridge, ga Korle Bu, kuma mu shugabanni ne za mu fara miƙa hannu. Biyu, a buɗe asusu irin na adashi, a riƙa cire wani abu kaɗan daga la'adar kowane sa da aka sayar, don taimaka wa wanda maganinsa ya yanke, kuma mu haɗa kai mu saya tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uku, wanzamanmu su riƙa amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, kuma kowa ya yarda ya biya kuɗinta. Huɗu, sakamakon gwaji amana ne, ba hirar kara ba ce. Biyar, ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar ciwon hanta ta duniya, mu gayyaci ma'aikatan lafiya su same mu a kasuwa.

Daga ƙarshe, marayun ɗan'uwanmu shida suna nan tare da mu, kuma abu na farko da za a yi da asusun shi ne a kai su gwaji tare da mahaifiyarsu. Allah Ya jiƙansa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya albarkaci garkunanmu da kasuwarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.